Yadda ake auna ƙananan sinadarai a ganye da hatsi da na'urar XRF

Masu inganta irin shuka sun daɗe suna fama da matsala guda. Suna da nau'o'in gero ko wake ɗaruruwa a gonar gwaji, suna son sanin wanne ya fi sinadarin ƙarfe da zink, amma tsohuwar hanyar awo tana cin kuɗi da lokaci: sai an narkar da kowane samfuri a cikin asid, a sayi iskar argon, a kai shi na'urar ICP mai auna sinadarai a narkakken samfuri, a zauna jira. Wannan ne ya sa shirin HarvestPlus, mai neman ƙara sinadarai masu gina jiki a amfanin gona, da masu bincike a Jami'ar Flinders ta Ostireliya suka juya ga XRF, wato awo da hasken eksire, kuma a 2012 suka nuna cewa ana iya tantance ƙarfe da zink a ƙwayar shinkafa da gero da alkama ba tare da an narkar da komai ba. Aikin neman hatsi mai gina jiki ya iso har gida, domin a 2018 aka fitar da geron Chakti mai yawan ƙarfe a Jamhuriyar Nijar, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta samar. A Najeriya kuma, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana aiki da wannan fasaha.

Na rubuta wannan jagora ne saboda ɗalibi ko ma'aikacin ɗakin gwaji da aka damƙa wa na'urar, aka ce ya fitar da sakamako. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, na'urar tana auna duk abin da ka ajiye a gabanta, har da ƙurar da ke kan ganyen da ɓurɓushin injin da ya niƙa shi. Ba ta san wanne ne na shuka, wanne ne na datti ba. Awon kansa minti biyu ne ko uku. Wahalar aikin da ingancinsa suna cikin kwanakin da suka gabaci waɗannan mintuna.

Abin da ke faruwa a cikin na'urar

Bututun da ke cikinta yana harba hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a kan samfurin. Hasken yana fizge ilektiron daga zagayen can ciki na ƙwayar zarra, wani ilektiron daga zagayen waje ya faɗo ya cike gurbin, a wajen faɗowar kuma sai ƙwayar ta saki nata hasken. Kowane sinadari yana da ma'aunin kuzarin da nasa hasken ke fitowa da shi, abin da Henry Moseley ya tabbatar tun 1913. Ana auna kuzarin da ma'aunin da ake kira keV. Fotashiyam yana fitowa a 3.31, kalsiyam a 3.69, manganis a 5.90, ƙarfe a 6.40, jan ƙarfe a wajen 8.05, zink a 8.64. Idon na'urar yana ƙirga hasken da ya dawo, kwamfuta ta zana shi tudu-tudu. Inda tudun ya tsaya shi ke faɗa maka sunan sinadarin, girmansa kuma yana tafiya da yawansa.

Sama da kashi 90 cikin 100 na busasshen ganye kabon ne da haidurojin da iskar oksijin da naitirojin, kuma na'urar ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka kada ka nemi naitirojin ko boron a wurinta. Magniziyam da aluminiyam ma da ƙyar take jin su, sai an zuƙe iska daga wurin awo ko an cika shi da iskar hiliyam. Inda ta fi ƙwarewa a kayan shuka shi ne daga fosfarus zuwa zink, sai irin su buromin da rubidiyam da sitirontiyam.

Na'urorin iri-iri ne. Akwai ta hannu mai kamar bindiga, irin su Bruker Tracer da Olympus Vanta da Niton, akwai ta kan tebur, akwai babbar WDXRF da ta fi raba tuddai da kyau, akwai kuma TXRF da ke aiki da ɗigon ruwa a kan faifan gilashin kwaz. Bayanin da ke tafe ya fi shafar ta hannu da ta tebur, don su ne suka fi yawa a hannun mutane.

Ɗiban samfuri

Kafin ka shiga gona, ka tsayar da tambayar da kake son amsawa. In lafiyar shukar kake dubawa, to sashe guda za ka ɗiba a lokaci guda na girmanta, domin tsohon ganye da sabo ba su da sinadari iri ɗaya: kalsiyam da manganis sukan taru a tsoho. A masara, alal misali, an saba ɗaukar ganyen da ke wajen goyo lokacin da gemu ya fito. Ka ɗiba daga shuka 15 zuwa 20 a sassa daban-daban na filin, ka haɗa su wuri ɗaya, ka kauce wa na bakin hanya da waɗanda tsutsa ta ci ko aka fesa wa taki kwanan nan. In kuwa hatsi ne, ka yanko zangarniyar da hannunka tun tana tsaye, kafin ta taɓa ƙasa.

A ambulan na takarda ake zuba ɗanyen ganye, don leda tana sa shi gumi ya ruɓe. Kada ka ɗinke bakin ambulan da ƙusar sitefula, kada ka shanya a kan kwanon rufi, kada ka zuba a bokitin ƙarfe mai farin shafe. Duk waɗannan zink aka shafa musu. Safar hannu ta roba ma takan ƙunshi zink, don haka ka nemi marar hoda, ko ka wanke hannu sosai. Wanda ya sa kwalli ya yi hattara da murza ido yana aiki, domin kwalli da yawa daga dutsen dalma ake yin sa.

Ƙura

A nan zan daɗe, domin a ƙasarmu babu abin da ke ɓata awon ƙarfe kamar ƙura. Mu yi lissafi. A ce ƙasar gona tana da ƙarfe kashi 3 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne, wato miligiram 30,000 a kowane kilo. In giram 1 kacal na wannan ƙasa ya shiga cikin kilo 1 na gero, ya ƙara masa miligiram 30 na ƙarfe. Geron da ainihin ƙarfensa 45 ne sai ya fito 75. Ido ba ya ganin giram 1 a cikin kilo, amma ya isa ya sa a zaɓi irin da bai cancanta ba, a shekara uku ana renonsa a banza.

Ga shi kuma girbinmu yana haɗuwa da shigowar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta a kan komai. Sussuka a ƙasa ake yi, shiƙa a fili ake yi. Don haka hatsin da aka sayo a kasuwa ba ya nuna ƙarfen da ke cikin irin, yana nuna na irin ne haɗe da na masussuka. In aikinka kwatanta iri ne, ka murje zangarniyar da hannu a kan tire na roba mai tsabta a cikin ɗaki, ka fece ƙaiƙayin, ka adana a rufe.

Ganye kuwa wanke shi ake yi tun yana ɗanye. Da ya bushe ƙurar ta manne, wanki kuma sai ya tafi da sinadaran ciki. Ka tsoma shi a ruwan da aka ɗiga wa sabulun ɗakin gwaji marar fosfet, kaɗan ƙwarai, ka kaɗa, ka ɗauraye sau biyu ko uku da tataccen ruwa. Duka-duka kada ya wuce rabin minti, domin fotashiyam da kulorin suna saurin zubewa cikin ruwa. Ganye mai gashi-gashi kamar na kuɓewa ko kabewa ya fi riƙe ƙura, shi ya fi buƙatar kulawa.

Wani lokaci ƙurar ce ma abin binciken, kamar alayyafo da latas da ake nomawa a gefen babbar hanya ko kusa da masana'antu. A nan sai ka raba samfurin biyu, ka wanke rabi ka bar rabi, bambancin da ke tsakaninsu ya nuna maka abin da ya sauka daga iska. In kuma tambayar ita ce me ke shiga cikin mai ci, sai ka wanke kamar yadda uwargida za ta wanke kafin ta zuba a tukunya, ka rubuta haka a rahotonka.

Akwai hanyar kama ƙura bayan an yi awo. Shuka ba ta ɗaukar titaniyam sai ɗan abin da ba a rasa ba, ƙasa kuwa cike take da shi. Ka duba wajen 4.51 keV. Duk samfurin da ƙarfensa ya yi sama, tudun titaniyam ɗinsa ma ya tashi, silikon ya bi su, to ƙasa ce ta shiga. Masu aiki da ICP da aluminiyam suke yin wannan binciken. Ni dai ba na amincewa da kowace babbar lambar ƙarfe sai na ga titaniyam yana kwance.

Busarwa da niƙa

Ka busar a oban na ɗakin gwaji a zafin digiri 65 zuwa 70, kwana 2 zuwa 3, har nauyin ya daina raguwa. Ka auna nauyi kafin da bayan busarwa, za ka buƙace shi daga baya. Ruwa yana shanye hasken sinadarai marasa nauyi, yana kuma tsarma sauran, shi ya sa ɗora na'urar hannu a kan ɗanyen ganye a gona ba ya ba da lambar da za a dogara da ita. In seleniyam ko asenik kake nema, ka rage zafin ko ka busar ta hanyar daskarewa, don wani sashe nasu yana iya tashi. Da damina busasshen gari yana sake jan laima cikin 'yan sa'o'i, sai a ajiye shi a tukunyar gilashi mai maganin tsotse laima.

Injin niƙa na unguwa ba shi da wuri a wannan aiki, faifansa na ƙarfe yana cinyewa a cikin garin. Bilenda mai wuƙar ƙarfe marar tsatsa ma tana zubar da ƙarfe da kuromiyam da nikel, ko da kaɗan ne. Abin da ya dace shi ne turmin dutsen agat, ko injin da kwanonsa da ƙwallayensa na agat ne ko zakoniya. Mai kwanon tangistin yana barin tangistin da kobal, kuma tuddan tangistin suna faɗowa kusa da jan ƙarfe da zink. Ka niƙa har ya yi laushi kamar fulawa, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita in zai yiwu, ka tankaɗe da rariyar nailan. Rariyar tagulla jan ƙarfe ce da zink. Abin da ya rage a kan rariya kada ka zubar, jijiyoyin ganye ne kuma sinadarinsu ya bambanta da na sauran, ka sake niƙa shi har ya wuce duka, sannan ka gauraya. Tsakanin samfuri da samfuri ka goge turmin, ka niƙa ɗan kaɗan daga sabon ka zubar kafin ka niƙa na gaske.

Ƙananan ƙwayoyi kamar gero da shinkafa ana iya auna su ba niƙa in tantancewa kawai ake so, kuma wannan yana kawar da haɗarin injin gaba ɗaya. Wake da masara sai an niƙa, don manyan ƙwayoyi suna barin gurabe, kuma ɓawonsu da cikinsu ba ɗaya ba ne.

Kofi ko faifai

Hanya mafi sauƙi ita ce zuba garin a ƙaramin kofin roba da aka ɗaure gindinsa da siririyar leda ta musamman, galibi mai kaurin maikuron 4 zuwa 6 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya), a daddanna shi ya zauna. Hanya mafi inganci ita ce matse shi da injin matsi ya zama faifai mai faɗin milimita 32 ko 40, da nauyin tan 10 zuwa 20 na kimanin minti ɗaya. Garin ganye yakan kama kansa. In yana farfashewa sai a haɗa da kakin ɗaurewa ko garin selulos, wato sinadarin da ya gina jikin shuka, amma a tuna da lissafin: giram 4 na samfuri da giram 1 na kaki yana nufin a ninka sakamakon da 1.25, sai fa in an saita na'urar da faifan da aka haɗa haka nan. Gyaɗa da riɗi suna tsatso mai in aka matse su, gara a bar su a kofi.

Kauri yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Hasken fosfarus daga fatar samfurin kawai yake fitowa, zurfin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi ya sa santsin fuskar faifai da laushin gari suka dame shi. Hasken zink kuwa yana fitowa daga zurfin milimita da dama, na rubidiyam da sitirontiyam ya fi haka. In wani faifan siriri ne wani mai kauri, zink ɗinsu zai bambanta ko da garin ɗaya ne. Maganin shi ne nauyi ɗaya, matsi ɗaya, leda iri ɗaya ga kowane samfuri da kowane abin saiti. In ka fara da giram 5, ka ƙare da giram 5. Kada yatsa ya taɓa fuskar da za a auna, gumi yana da kulorin da fotashiyam.

Kafin ka danna maɓalli

Hasken eksire ba a ganinsa, ba a jinsa, yana kuma cutarwa. Kada ka taɓa riƙe samfuri a tafin hannu ka harba masa na'urar hannu, kada ka ɗora shi a cinya. Garin shuka ba shi da nauyin da zai tare hasken, yana ratsa shi yana kuma warwatsa shi gefe fiye da yadda ƙarfe ke yi, don haka a yi amfani da akwatin awo mai murfin kariya. Mai aiki ya rataya bajon auna haske, mai juna biyu ta sanar da shugaban ɗakin gwajin. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke ba da izinin mallaka da amfani da irin waɗannan na'urori, kuma neman izinin wajibi ne.

Ka haɗa na'urar da abin daidaita wuta da batirin ko-ta-kwana, don ɗaukewar wuta a tsakiyar awo tana iya lalata bututun. Idon na'urar sanyaya shi ake yi daga ciki, zafin watan Afrilu yana wahalar da shi, sai a nemi ɗaki mai sanyi marar ƙura. Ka kunna ta ta ɗan ɗumama, ka auna ƙarfen gwajin da ya zo tare da ita don tabbatar da tuddan suna faɗowa a mazauninsu.

Saiti ɗaya ba ya wadatar da duk sinadarai. Ga fosfarus da salfa da fotashiyam da kalsiyam, ana amfani da ƙaramin ƙarfin wuta, kilobolt 10 zuwa 15, ba matatar haske, tare da zuƙe iska in akwai hali. Ga manganis da ƙarfe da jan ƙarfe da zink, sai a ɗaga zuwa 30 ko 40 a sa matatar da ke rage shimfiɗar da tuddan ke zaune a kai. Kadmiyam, da ke can 23.2 keV, sai an kai 50. Game da lokaci, kuskuren ƙirge yana bin tushen murabba'in abin da aka ƙirga: ƙirge 100 yana da kuskuren kashi 10 cikin 100, ƙirge 10,000 kashi 1. Wato in kana son rage kuskure da rabi, sai ka ninka lokaci sau huɗu. Daƙiƙa 60 zuwa 180 a kowane saiti sun wadatar a yawancin aiki. Ka auna kowane faifai sau uku kana juya shi. In lambobin uku sun yi nisa da juna, garin bai gaurayu ba.

Saita na'ura da kayan shuka

Na'urar hannu takan zo da saitin ƙasa da na ma'adinai da na ƙarafa. Da yawa sukan zaɓi na ƙasa su auna ganye, su kwafe lambar da ta fito har da lamba biyu bayan ɗigo. Wannan lamba ba ta da tushe. Ƙasa yashi ce da laka masu shanye haske sosai, ganye kuwa selulos ne da haske ke ratsawa cikin sauƙi, saboda haka adadin zink ɗaya yana ba da tudu daban a cikinsu. Dole ka gina naka saitin.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wannan. Ka auna samfurori masu yawa na irin abin da kake aiki a kai, ka zaɓi 25 zuwa 30 da tuddansu suka bazu daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Ka aika wani sashe na kowanne ɗakin gwajin da ke da ICP, a narkar da asid na naitirik a auna. Sannan ka zana girman tudu a gefe ɗaya, lambar ICP a ɗaya gefen, ka ja layin da ya fi dacewa. Yana taimakawa ƙwarai a raba girman tudun da na hasken bututun da ya warwatsu ya dawo, wanda ake kira tudun Compton. A bututun da aka yi da sinadarin rodiyam yana zaune kaɗan ƙasa da 20.2 keV, kuma yana rage tasirin bambancin kauri da cunkushewar gari. Bayan haka ka ware wasu samfurori 10 ko fiye da ba su shiga ginin layin ba, ka gwada layin a kansu.

Kada kyawun lambar R², mai nuna yadda layin ya dace da lambobin, ya ruɗe ka. Samfuri ɗaya mai lamba babba a can ƙarshe yana iya ɗaga ta alhali sauran a warwatse suke. Abin dubawa shi ne, da miligiram nawa XRF ke saɓa wa ICP a kan samfurorin gwaji. In saɓanin ya kai 4, to ba za ka iya cewa mai 55 ya fi mai 52 ba, amma za ka iya ware mai 70 daga mai 45 hankali kwance, kuma wannan shi ne abin da mai inganta iri ke buƙata. Layin saitin da aka gina da gero na gero ne, kada ka auna zogale da shi. Lambar da ta wuce iyakar layin kuma a sake auna ta ta wata hanya.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai garin shuka da aka riga aka tabbatar da abin da ke cikinsa, ana sayar da shi da takardar shaida. Hukumar NIST ta Amurka tana da ganyen tuffa mai lamba 1515, da alayyafon Turawa 1570a, da ganyen tumatir 1573a, da garin alkama 1567b, da na shinkafa 1568b. A ganyen tumatir ɗin zink yana wajen miligiram 31 a kilo, ƙarfe wajen 368. A na tuffa zink wajen 12.5 ne. Suna da tsada, amma faifai ɗaya yana daɗewa in an adana shi a bushe, tunda awon ba ya cinye shi. Ka auna ɗaya a farkon yini da bayan kowane samfuri 20. In sakamakon ya fita daga kashi 90 zuwa 110 cikin 100 na lambar takarda, ka tsaya ka nemo dalili. Ka kuma niƙa tsantsar selulos a turminka ka matse shi kamar samfuri: duk ƙarfe ko zink da ya bayyana a cikinsa daga kayan aikinka ya fito. A kowane samfuri goma, ka shirya ɗaya sau biyu tun daga niƙa.

In babu halin ICP, manhajar da ke lissafi daga ka'idojin kimiyyar haske tana iya taimakawa, muddin ka gaya mata cewa abin da ba ta gani selulos ne, ka kuma gwada ta da garin shaida.

Ka buɗe zanen da idonka

Teburin lambobi ba ya nuna inda manhaja ta yi tuntuɓe. Kowane sinadari yana da tudu na biyu, kuma wannan na biyun yakan hau kan na maƙwabcinsa. Na biyun fotashiyam yana 3.59, dab da kalsiyam a 3.69, ganye kuwa cike yake da fotashiyam. Na biyun manganis yana 6.49, a kan ƙarfe. Na biyun ƙarfe yana 7.06, yana rufe kobal a 6.93, shi ya sa lambar kobal a ganye abar tuhuma ce. Bututun rodiyam yana da tudu a 2.70 da ke damun kulorin a 2.62, iskar ɗaki kuma tana ba da tudun argon a 2.96.

Akwai kuma tuddan ƙarya da idon na'urar ke haifarwa. In haske biyu na kalsiyam suka iso tare, sai a ƙirga su a matsayin ɗaya a 7.38, kusa da nikel. Wani lokaci kuma hasken kalsiyam yana rasa 1.74 a cikin idon ya bayyana a 1.95, gefen fosfarus. Mai auna zogale ko kuka, masu yawan kalsiyam, zai ci karo da waɗannan.

Don ka san ko lambarka tana cikin hankali: a busasshen ganyen yawancin amfanin gona, zink yakan kasance tsakanin miligiram 20 da 100 a kilo, ƙasa da 15 zuwa 20 alamar ƙaranci ce. Jan ƙarfe 5 zuwa 20, ƙarfe 50 zuwa 250. Jan ƙarfe yana kusa da iyakar abin da na'urar hannu ke iya gani, sai a ƙara masa lokaci. Abin da ya gaza iyakar gani kuma ba sifili ake rubuta masa ba, ana rubuta "ƙasa da" tare da lambar iyakar.

Maganar dalma

Tun bayan bala'in gubar dalma a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, mutane suka san na'urar hannu a matsayin mai gano dalma. Da ita aka riƙa auna ƙasar gidaje lokacin aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kuma ta yi amfani sosai, don dalmar da ke wurin ta kai miligiram dubbai a kilo. Abinci wani lamari ne daban, kuma ina roƙon a yi taka-tsantsan a nan, don rai ne a ciki.

Na farko, babban tudun dalma yana 10.55, na asenik yana 10.54, wuri ɗaya ke nan. Sai ka duba 12.61 don tabbatar da dalma, 11.73 don asenik. Na biyu, iyakar da hukumar Codex, mai tsara ka'idojin abinci na duniya, ta sa wa dalma ita ce miligiram 0.3 a kilo na ɗanyen ganyen miya, 0.2 a hatsi. Ganyen miya kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka 0.3 a ɗanye ya yi daidai da kimanin 3 a busasshe, kuma a nan ne nauyin da ka auna kafin da bayan busarwa zai yi maka aiki. Na'urar hannu a kan garin shuka ba ta fara ganin dalma da tabbaci sai ta kai 'yan miligiram a kilo. A ganye ke nan tana bakin iyaka, a hatsi kuwa 0.2 ya yi mata nisa ƙwarai. Kadmiyam ya fi haka wuya. In ta nuna dalma ƙarara a garin masara ko alayyafo, to gurɓatar ta yi tsanani, a sanar da hukumar lafiya ba tare da jinkiri ba. In ba ta nuna komai ba, wannan bai wanke abincin ba, kuma bai halatta ka rubuta cewa ba shi da illa ba. Irin wannan samfuri sai a rufe shi da kyau, a rubuta masa wurin da aka ɗebo shi da ranar da kashin ruwan da ke cikinsa, a aika shi inda ake da na'urorin da suka fi XRF ganin ƙaramin adadi, wato ICP-MS ko na'urar AAS mai tandar girafait.